Mai Tsayawa a Bakin Ƙofa

Karatu: 2 Sama'ila 15:1-12

Sa'ad da Absalom ya so ƙwace sarautar ubansa, bai fara da takobi ba. Da sassafe yakan tsaya a bakin ƙofar birni, ya tare mai ƙara, ya tambayi garinsu, ya nuna masa yana da gaskiya, sai dai ba mai sauraronsa. Da haka ya janye zukatan mutane.

'Yan'uwa, yau ƙofar nan tana cikin aljihun 'ya'yanmu, wato wayar hannu. Kafin 2009 wa'azin Muhammad Yusuf na Maiduguri ya bazu ta kaset da faifai da waya. A 2015 Abubakar Shekau ya yi wa ISIS mubaya'a ta saƙon murya da aka sa a Twitter. A 2025 kuwa aka ga mayaƙa a TikTok suna nuna bindigogi da damman kuɗi. Kada mu ce abin na Barno ne kaɗai. A Afrilu 2014 'yan bindiga sun auka wa ofishin 'yan sanda a Gwaram, nan Jigawa.

Bari mu duba yadda sukan yi. Ga saurayi a Dutse ko Kiyawa, ya gama makaranta, ba aiki. Ya rubuta ɓacin ransa a Facebook. Wani baƙo ya yaba, ya kira shi ɗan'uwa, wata rana ya aiko masa da katin waya. Ba maganar yaƙi tukuna. Bayan makonni sai ya jawo shi cikin wani rukuni a WhatsApp ko Telegram, inda ba uba, ba liman, ba fasto. A can labari ɗaya ne dare da rana: ana zaluntarmu. Ana nuna hotunan gawawwaki, wasu ma daga wata ƙasa aka ɗauko su. Sa'an nan a ba shi ƙaramin aike, ko jari. Matasan da suka fito daga Boko Haram sun gaya wa ƙungiyar Mercy Corps, wadda ta buga rahotonta a 2016, cewa rancen sana'a yana cikin abin da ya kama su. Wanda ya ci bashi kuwa, fita takan yi masa wuya.

Kada mu nuna maƙwabtanmu Musulmi da yatsa. Su ma sun binne 'ya'yansu da yawa saboda mutanen nan. Akwai kuma rukunan da ke kiran samarin ekklesiya zuwa ramuwa, hanyarsu kuwa ɗaya ce.

Ku lura da aya ta 11. Mutum 200 suka bi Absalom daga Urushalima. Gayyatarsu aka yi, suka tafi da zuciya ɗaya, ba su san abin da aka ƙulla ba.