Takin gargajiya ma yana buƙatar gurbi a kasafin kuɗi

Idan bazara ta kama, a ƙauyukan da nake aikin malamin gona, za ka ga amalanken shanu da jakuna ɗauke da mangala suna jigilar taki zuwa gona. A jibge shi tsibi-tsibi, sai hadari ya fara haɗowa a gabas a baza. Da wannan kashin dabbobi da toka da sharar gida ne gonakin da ke kewaye da birnin Kano suka yi ɗaruruwan shekaru ana nome su duk damina ba su mutu ba. Amma duk sa'ad da na buɗe kasafin kuɗin aikin gona, abin da nake cin karo da shi buhunan NPK ne da yuriya da maganin feshi da taraktoci.

Ba gaba nake yi da takin zamani ba. Da hannuna nake nuna wa manoma yadda ake binne yuriya a gindin masara. Na kuma san abin da ya sami Siri Lanka a 2021, da gwamnati ta wayi gari ta hana shigo da takin zamani: noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar. Damuwata ita ce manomin da ya zaɓi noma ba sinadari, ko talauci ya zaɓar masa, wanda ba a san da zamansa ba ranar rabon kuɗi.

Bara na yi aiki da wata ƙungiyar mata masu noman riɗi da zoɓorodo. Gonakinsu ba su taɓa ganin feshi ba; ruwan ganyen darbejiya suke yayyafawa idan ƙwari sun matsa. Wani mai fitar da kaya waje ya yi musu tayin farashi mai tsoka, da sharaɗin su kawo takardar shaidar noma ba sinadari. Samun takardar kuwa sai an ɗauki shekara biyu zuwa uku ana rubuta duk abin da ya shiga gona, sai mai dubawa ya zo, sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kuma kowane mataki kuɗi ne. Shugabarsu ta miƙo mini littafin 'yan makaranta da jikanta yake rubuta musu, bangonsa duk ya sha maiƙo, ta ce: “Malam, mu mun yi namu, saura naku.” Na ɗauki littafin na shiga ofis-ofis. Ko'ina amsa ɗaya ce: babu gurbin wannan a kasafi. Riɗin nan a kasuwar ƙauye ya ƙare, a farashin kowa da kowa. Har yau abin yana ci mini rai.

Gurbin takin zamani ma ai buɗe shi aka yi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka ƙudurta ɗaga amfani da shi daga kilo 8 a hekta zuwa kilo 50. Daga nan muka ga tallafin buhu biyu ta wayar salula a 2012, sai yarjejeniyar Najeriya da Maroko ta 2016 da ta sauko da buhun NPK zuwa naira 5,500. Tarayyar Afirka ma ta zartar da ƙudurin tallafa wa noma ba sinadari tun 2011, sai dai ƙudurin da ba a sa masa kuɗi ba a takarda yake kwana. Mun kuma ɗanɗana kuɗar sakaci da sinadari: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake barbaɗawa a rumbu.

Senegal ce ta fi burge ni. A 2019 ƙungiyoyin manoma da na masu bincike suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna DyTAES, suka zaga yankunan ƙasar suna jin ta bakin manoma, suka rubuta buƙatunsu suka miƙa wa gwamnati. A 2021 aka ware kashi 10 cikin 100 na tallafin taki don takin gargajiya. Yuganda ma tana da manufar ƙasa kan wannan noma tun 2019.

Mu ma hanya a buɗe take, don tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon yin doka kan bunƙasa noma. Gwamnoni kan miƙa kasafi ga majalisa ne a ƙarshen shekara, saboda haka wanda ya jira sai Disamba ya makara. Tun kafin kaka ya kamata ƙungiyar manoma ta zauna ta rubuta takarda shafi ɗaya, da sunayen mambobi da yawan gonakinsu. A nemi a yanki wani kaso na tallafin taki a ba masu haɗa takin gargajiya, tare da gwada ingancinsa, don na sha ganin buhun da rabinsa yashi ne. A nemi jiha ta biya kuɗin takardar shaida ta ƙungiya guda, wadda ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ta mutum ɗaya-ɗaya. Mu malaman gona kuma a horar da mu, don da yawanmu awon NPK muka fi ƙwarewa a kai.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma, maza da mata, ku kai wannan takarda hannun ɗan majalisarku na jiha da shugaban kwamitin aikin gona, ku karɓi kwafi mai hatimi, ku karanta ta a gidan rediyo. Ranar zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi kuma, ku cika mota ku je da kanku.