Rigar Kariya a Jirgin Ruwa: Rashin Bangaskiya Ce?

Tambaya: Ina fataucin busasshen kifi tsakanin Wara da Yawuri. Surukata ta ce sa rigar kariya a kwalekwale rashin bangaskiya ne, tunda Yesu ya tsawata wa hadari a teku. Haka ne?

Amsa: 'Yata, ki gaishe da Mama, amma ki sa rigarki.

Labarin da ta kawo gaskiya ne, yana cikin Markus sura 4. Sai dai ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27 tare. Bulus ya gargaɗi matuƙan jirgi kada su tashi, lokacin tafiya ya wuce. Aka fi jin maganar mai jirgi, jirgin ya farfashe. Allah ya yi alkawarin tsirar da mutum 276 da ke ciki, ya kuma cika, amma ta yaya? Masu iyo suka yi iyo, saura suka rungumi katakai har gaci. Katakon nan shi ne rigarki ta yau. Yesu kansa ya ƙi dirowa daga kan haikali, domin yin haka gwada Allah ne.

Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, da jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Wara, gidaje da yawa suka shiga makoki. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kututturan itatuwa na nan ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsu da dare.

In kin ga lodi ya wuce kima, ki sauka ko da za ki rasa kasuwar ranar. Ki saya wa Mama tata rigar.