Shekarata 47, in bar fim in koma Kantin Kwari?

Hajiya, ina roƙon a sakaya sunana, domin da yawa daga masu karanta wannan fili sun san fuskata.

Ni ɗan wasan Hausa ne, shekarata 47. Na shiga harkar fim tun zamanin kaset, lokacin da kasuwar finafinai ta Ƙofar Wambai ke ci sosai. Na fito jarumi a finafinai da dama, na yi rawa da waƙa, kuma da abin da na samu na sayi fili a bayan gari, can wajen Janguza, na gina gida a hankali. Nan nake zaune da matata da 'ya'yanmu biyar. Babbar tana jami'a, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 16, autar kuwa bana ta shiga firamare.

Yanzu aiki ya koma fim mai dogon zango. Idan a Kano ake ɗauka, bayan asuba nake fita, kafin in dawo yara sun yi barci. Idan Jos ne ko Kaduna, sai in share makonni ba na gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin zuwa wajen aiki a Titin Gidan Zoo da dawowa kaɗai yana cin kaso mai yawa na sallamar da ake ba ni, ita ma sallamar sai na yi ta bibiya kafin in ga alat. Ga shi yanzu uban jarumi nake fitowa, ko kawu, ko mugun Alhaji. Yaran da na girma da shekara ashirin su ake rubuta wa labari, wasunsu ma don yawan mabiya a TikTok aka ɗauko su.

Matata ba mai ƙorafi ba ce, amma ta gaji. Ita ke zuwa makaranta idan an kira iyaye, ita ke neman abin hawa da dare idan yaro ya tashi da zazzaɓi, kuma unguwarmu ba a samun a-daidaita-sahu bayan isha. Yarona ya fara zama a wata majalisa da hankalina bai kwanta da ita ba, har malamin Islamiyya ya aiko cewa ya daina zuwa. Da na yi masa faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya ce abokansa ma sun fi shi ganina, tunda su suna kallona a waya. Wallahi Hajiya wannan magana ta hana ni barci.

Yayan matata yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in zo in riƙe masa na biyu da zai buɗe, in bar fim gaba ɗaya. Ita ma abin da take so ke nan. Ni kuwa ban iya komai kamar yadda na iya wasa ba, kuma har yau idan darakta ya ce a ɗauka, ina jin daɗin da ba na ji a wani wuri. In bari ne, ko in ci gaba?

Naki, wani ɗan wasa daga Kano.

AMSA

Malam, Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara rufin asiri.

Shawarata a taƙaice ita ce kada ka bar fim. Amma yadda kake yin sa yanzu, inda duk wanda ya bugo waya shi ke yanke maka ranar da za ka kwana a gidanka, wannan dole ya ƙare, kuma a wannan watan.

Bari in fara da yaron, domin shi ne abin da ba ya jira. Shago zai jira, furodusa ma zai jira, amma shekara 16 ba ta dawowa. Maganar da ya faɗa maka ba rashin kunya ba ce. Yaro ne ke gaya wa ubansa yana kewarsa, ta hanyar da samari suka iya. Faɗa ba zai raba shi da majalisar nan ba, domin can yana samun waɗanda ke zama su saurare shi. Ka tafi da shi lokeshan ranar Asabar idan a Kano ake aiki, ya ga yadda ake shafe awa uku a rana a kan fitowar da ba ta wuce minti biyu ba, ya ga gumin da ke biya masa kuɗin makaranta. A hanyar dawowa ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ka je Islamiyyar da ƙafarka, kada ka tura uwarsa. Ka kuma san sunayen abokan nan nasa da gidajensu, ka gaisa da iyayensu. A unguwannin bayan gari irin taku, inda kowa baƙo ne ya zo ya yi gini, babu dattawan layi da suka san kakan kowa kamar a cikin birni, don haka idon da zai sa wa yaro sai uba ya nemo shi da kansa.

Sai batun Hajiyarka. Ka ce tana so ka koma kasuwa, amma ka taɓa zaunar da ita ka tambaye ta dalili? Ina kyautata zaton ba fim ɗin ta tsana ba, tunda ɗan fim ta aura, a gidan da fim ya gina take zaune. Abin da ya gajiyar da ita shi ne rashin tabbas: ba ta san ranar da za ka dawo ba, ba ta san ranar da kuɗi zai shigo ba. Waɗannan biyun kuwa suna da magani ba tare da ka bar sana'arka ba. Duk sallamar da ta shigo, kafin ka taɓa ko sisi, ka cire na cefanen wata da na makaranta ka damƙa mata. Ka samo amintaccen maƙwabci mai mota ko mai a-daidaita-sahu ku yi magana ta fahimta, lambarsa ta zauna a wayarta saboda larurar dare. Sannan ka gode mata da bakinka. Maza da yawa suna ɗauka ai ta sani, alhali tana buƙatar ta ji.

Game da aikin, wanda ya haura shekara ashirin a gaban kamara yana da bakin da zai kafa sharaɗi. Ai ba a jere ake ɗaukar fim ba, wuri-wuri ake bi, don haka ba abin mamaki ba ne ka nemi a tattara fitowarka a kwanaki ƙalilan maimakon ka yi ta zaman jira a lokeshan. Ka nemi rabin kuɗinka kafin alƙalami, sauran kuma a sa masa rana a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, yadda idan an saɓa kana da abin nuna wa ƙungiyarku ta MOPPAN. Ka ware ranaku biyu a mako da ba ka karɓar aiki. Wasu za su daina kiranka, na sani, kuma yawanci su ne masu riƙe maka kuɗi.

Ina jin zafin da ke cikin maganarka ta uban jarumi, kuma ba zan raina shi ba. Mutumin da aka saba yi wa tafi, ranar da aka fara ce masa Baba a gaban kamara dole ya ji wani abu. Amma ka duba da kyau. Shirin Gidan Badamasi kacokan a kan dattijo da 'ya'yansa aka gina shi. A shirin Daɗin Kowa, dattawan garin na cikin waɗanda masu kallo suka fi riƙewa. Marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja, da ya rasu a 2023, ba da rawa da waƙa suka zauna a zukatan mutane ba. A fim mai dogon zango ana sauya saurayi da budurwa, amma uba yakan zauna zango bayan zango, kuma wannan shi ne abu mafi kusa da albashi a sana'arku. Abin da zan hana ka shi ne ka tsaya gasa da yaran TikTok. Ka nemi marubuta ka zauna da su, ka nuna musu uba ma yana da labari. Kai da kake da ɗa ɗan shekara 16 a gida ka fi su sanin wannan.

Duk da haka yayan matarka ba shirme ya zo da shi ba. Turmin Danya, da ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, a 1990 ya fito. Ke nan ku ne kusan rukunin farko da za su manyanta a cikin wannan masana'anta, kuma babu fansho da ke jiran kowa. Mun ji hirar da BBC Hausa ta yi da Hajiya Ladin Cima a 2022, inda ta bayyana ƙanƙantar abin da ake sallamar ta da shi bayan shekaru masu yawa tana wasa, da ƙurar da maganar ta tayar. Don haka kana buƙatar hanya ta biyu. Sai dai shago a Kwari yana son mai zama daga safe zuwa yamma, kuma dukiyar suruki idan ta samu tangarɗa, har cikin ɗakin aurenka za ta biyo ka. Ka je ka gode masa, ka ce ba za ka riƙe shagon kai kaɗai ba. Ka nemi ya sa yaron shago tsayayye, kai kuma ka ɗauki ranaku sanannu, ka yi wa shadda da atamfarsa talla da fuskarka, a rubuta kason kowa a gaban shaidu. Ku gwada shekara guda. Idan kasuwar ta karɓe ka, ka rage fim da kanka, ba wanda ya kore ka.

Ku kuma furodusoshi da ke karanta wannan fili, don Allah ku riƙa biyan waɗannan bayin Allah haƙƙinsu a kan lokaci, ku kuma sallame su da wuri idan sun gama fitowarsu. Magidanta ne, akwai masu jiransu a gida.