Yaji Ba Ya Goge Sunanki Daga Takardar Haraji

Aikina cike takardun haraji da daidaita lissafin 'yan kasuwa tsakanin Jibiya da Katsina. Ba kasafai nake kawo maganar ofis fili ba, amma abin da ya samu wata baiwar Allah ya hana ni yin shiru.

Yayanta ne ya kawo ta. Shekara ta biyu ke nan tana gidan iyayenta. Yaji ta yi, aka yi biko bai yiwu ba, mijin bai sake ta ba, bai kuma mayar da ita ba. Ta kama ɗinki, Allah ya sa wa hannunta albarka, har ta nemi wata 'yar kwangilar ɗinkin kayan makaranta. Aka ce ta kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku. A nan ta ji wai ana bin ta bashi.

"Malam, wallahi ni sana'ata ba ta wuce keken ɗinki ba," haka ta ce da ni, tana murza bakin hijabi.

Da muka bincika sai ga sunan kasuwanci a rajistar CAC, na sayar da hatsi, ita kaɗai ce mai shi. Lambar NIN ɗinta ce, hotonta ne, ga asusun banki a kan BVN ɗinta. Mijin fataucin wake da gero yake yi, daga Magama ya bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Banki na bin sa bashi, ba ya son sunansa ya fito a ko'ina. Sai ya ɗauke ta a mashin ya kai ta shagon kwamfuta, aka ɗauki hoto, ya ce sa hannu nan, asusun yara za a buɗe. Ta sa. Layin wayar da aka yi rajistar da shi yana aljihunsa tun ranar. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ya tsallaka Maraɗi ya yi zamansa. An buɗe a Maris na 2024, bai dawo ba. Miliyoyi suna shiga asusun suna fita, duk saƙo wayarsa yake zuwa, ita kuwa tana tsakar gidan mahaifinta tana lissafin kuɗin zare.

Abin da ya fi ƙona mini rai takardar ƙiyasin haraji ce. An aika da ita adireshin da ke cikin rajista, wato gidan auren da ta bari. Uwar mijin ta karɓa, ta cusa ta cikin kwalla tare da katin asibiti. Kwana 30 doka ta bayar a ƙalubalanci ƙiyasi a rubuce. Sanda takardar ta iso hannuna har ta yi jirwayen manja, wa'adin ya wuce da watanni.

Kafin su zo wurina, yayan ya fara biyawa ta wajen wani yaro mai shagon buga takardu, irin waɗanda suka liƙa "ana cike haraji" a ƙofa. Yaron ya karɓi kuɗinsu ya ce abu mai sauƙi ne, tunda akwai aure za a cike musu takarda ɗaya ita da mijin, nauyin ya koma kansa. In kuma ba ta so, a rubuta ba ta da aure. A bidiyo ya gani! Wannan tsarin Amurka ne, inda ma'aurata ke zaɓar haɗa lissafi ko rabawa. A Najeriya babu shi. Kowa da lambarsa, kowa da lissafinsa, kuma jihar da mutum yake zaune yake biya wa. Da aure, da yaji, da zawarci, ba sa ƙara kobo ba sa rage kobo. Saura kaɗan ya sa matar aure ta rantse a kan takarda cewa ba ta da miji, a banza.

Na kira mijin. Ya ce, "To ai matata ce, mene ne nawa mene ne nata?" Mutumin da ko kwanon gero bai aiko mata ba tun da ta bar gidansa. Shari'ar Musulunci ta ce dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kai. Dokar haraji ma a nan ta tsaya, sai dai ta juyo da bashin kan wadda sunanta ke rubuce. Yayan ya fusata ya ce gobe za su kotu a raba auren kowa ya huta. Na ce masa, ranka ya daɗe, ku je in kun ga dama, amma takardar saki ba ta soke rajistar kasuwanci. Sunan kasuwanci ba kamfani ba ne, shi da mai shi abu ɗaya ne.

Yanzu muna kan tattara bayanan banki don nuna inda kuɗin suka riƙa tafiya. An dakatar da asusun, an rubuta wa CAC. Kwangilar kam ta wuce ta.

Kar ki ba da NIN ko BVN ɗinki a yi kasuwanci da su, ko mijinki ne. Kar ki sa hannu a abin da ba a karanta miki ba. Layin da ke kan asusunki ya kwana a wayarki. Ranar da kika bar gidan miji, ko da niyyar komawa, a canja adireshi a banki da ofishin haraji. Iyaye, in 'yarku ta dawo kuna tambayar gado da katifa da kwanuka, ku haɗa da tambayar takardun da ta taɓa sa wa hannu. Na sake faɗa, NIN ba abin aro ba ne, balle yanzu da sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta mayar da ita lambar harajin mutum. Masu POS da aka yi wa rajista da sunan matan gida a 2024, ku ma da ku nake. Rangwamen haraji kan kuɗin haya, kashi 20 cikin ɗari har zuwa Naira 500,000, na wanda ya biya hayar ne, a riƙe rasit. Kuma ku daina kai maganar haraji wurin masu buga katin biki.

Ribar da ba ta wuce Naira 800,000 a shekara ba babu haraji a kanta, yawancin mata masu ɗinki da ƙosai ba su da abin tsoro. Duk wadda ke zaune a gida ba saki ba komawa, ta ɗauki katin NIN ɗinta ta je ofishin Hukumar Tara Haraji ta Jihar Katsina a duba mata abin da ke kan sunanta, kafin 31 ga Maris, wa'adin miƙa bayanan harajin shekara.