Yadda Za Mu Fahimtar da Yara Halin Ɗan'uwansu Mai Galahanga

Jama'a, a gidaje da yawa akwai yaron da ake kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya son haɗa ido da kowa, bakinsa ya yi nauyi, ko ya riƙa nanata kalma ɗaya. In an tada janareta sai ya toshe kunnuwa ya fasa ihu. Wasu su ce taɓin iska ne, wasu su ce sangarta ce. Sau da yawa kuwa galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim. Yayyensa da ƙannensa da abokan wasansa su ne ke wuni da shi, amma su ne ba a yi wa bayani. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Mece ce wannan lalura?

Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma gado yana da hannu a ciki. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ba laifin uwa ba ne, allurar rigakafi kuma ba ta jawo ta. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. An fi gano ta a maza, kuma kowane yaro da irin tasa: wani yana magana rangaɗau, wani ba ya yi ko kaɗan.

Abin da jikinsa yake ji

Nan ne ya kamata a tsaya wa yara sosai. Ƙara, haske, wari da taɓi sukan isa ga yaron da ƙarfin da ya wuce na sauran mutane. Dubi safiyar Sallah. An sa masa sabuwar shadda mai sitaci, zaren aikin wuya yana karce shi, gida ya cika da baƙi da hayaƙin turare, kowa na son ya shafa kansa, ga maroƙa da kalangu a ƙofar gida. Sai ya yage rigar ya shige ƙarƙashin gado. Ƙanwarsa ta ga ɓarna, shi kuwa azaba yake gudu. Wani kuma akasin haka ne: jikinsa ba ya jin abu sosai, sai ya yi ta juyi, yana kaɗa hannuwa, don ya sami natsuwa.

Farfesa Temple Grandin, masaniyar kiwon dabbobi a Amurka, mai galahanga ce, ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara 3. Ta sha ba da labarin yadda tufafi masu kaushi da ƙara mai ƙarfi suka riƙa yi mata zafi a ƙuruciya.

Yadda za a yi musu bayani

Uwa ta zaunar da yara lokacin da gida ya lafa, ta faɗi gaskiya a gajarce: "Kunnen yayanku kamar rediyo ne da aka ƙure wa murya, shi kuma ba ya iya ragewa. In ya toshe kunne, ba ku yake ƙi ba, ƙarar ce ke cutarsa." In suka yi tambaya a amsa, kada a ce su yi shiru. Sa'an nan a koya musu abin yi:

Na ɗaya, su kira sunansa, su yi magana kaɗan, su jira amsa.

Na biyu, kada su rungume shi ko su taɓa shi ta baya bagatatan.

Na uku, in ya jera marafan kwalba a layi kada su watsa. Su zauna kusa su miƙa masa wani. Wasa ke nan.

Na huɗu, in abin ya taso masa, kada a taru a kansa. Su rage surutu, su kira babba.

Na biyar, in 'yan unguwa suka ce masa dolo ko mahaukaci, su ce, "Ba mahaukaci ba ne, ƙara ce ba ya so."

Haƙƙin sauran yaran

Iyaye, a kula: "kai ne babba, ka haƙura" kullum tana tara ƙullaci. Yaro zai ji kishi, zai ji kunya a gaban abokai, kuma ba laifi ya yi ba. A saurare shi, a ware masa lokacinsa, kada a ɗora masa rainon da ya fi ƙarfinsa. Manya su kuma tsare bakinsu, domin sunan da suka kira mai galahangar da shi, shi yara za su kai waje.

Malaman boko da na allo su yi wa ɗalibai irin wannan bayani. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa lalurar tun 2007, dama ce ta yin haka. Wanda kuma ya ga alamun a ɗansa, ya kai shi wurin likitan yara da wuri, ya nemi a haɗa shi da masu koyar da magana.