Kifi a ƙasar Adar

Karofane tana cikin ƙasar Buza, a jihar Tawa. Babu teku a nan, babu babban kogi. Sai duwatsu da koramu da tabkuna. Duk da haka ana saida kifi a kasuwanni. Wani daga nesa ake kawo shi, wani kuwa daga tabkunan jihar yake fitowa.

Tabki iri biyu ne. Akwai mai ƙafewa da rani, akwai mai riƙe ruwa duk shekara. Gaiwa ba ta tsoron ƙafewar tabki. Sai ta shige cikin laka, ta jira damina. Sauran kifaye kuwa mutuwa suke yi. Shi ya sa ake zuba kifi cikin tabkuna masu riƙe ruwa, kamar na Tabalak da na Ɗan Dutsi. An zuba masu karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa.

Ba a zuba kifi da ka. Sai masana sun auna zurfin ruwa, sun duba abincin da ke ciki. Karfasa tana cin ƙananan tsirran ruwa. Giwan ruwa kuwa ƙananan kifaye yake ci. In ya yi yawa cikin ƙaramin tabki, sai ya cinye sauran.

Wannan bincike yana cin kuɗi. Ana bukatar ɗakin aiki, da jirgin ruwa, da madubi mai ƙara girman abu, da albashin ma'aikata. Wani lokaci gwamnati ke biya, wani lokaci wata ƙasa ko wata ƙungiya ke ba da taimako.

Ga misali daga Najeriya. Kogin da ya ratsa Yamai shi ne aka datse a Kainji. A shekara ta 1968, Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka da kuɗi da masana don binciken sabon tabkin. Aikin ya zama babbar ma'aikatar binciken kifi a garin Sabuwar Busa, har da makarantar horar da ma'aikata. A 1975 kuma aka kafa wata ma'aikata a Legas, mai binciken teku da halittun cikinsa.

A ƙasar Adar ma an ga irin wannan taimako. A 1984 aka soma babban aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya. Mutanen karkara, yawancinsu mata, sun jera duwatsu, sun dasa itatuwa. An gina madatsun ruwa. Wannan aiki yana rage yashin da ke gangarowa yana cike tabki.

Amma kuɗin taimako yana ƙarewa, baƙi kuma su koma gida. Abin da ke zama shi ne mutumen da aka koya ma aiki. Masunci mai horo ba ya sa taru mai ƙananan idanu, don ya san ƴaƴan kifi su ne kifin baɗi.

Tambayoyi
1. Yaya gaiwa take tsira in tabki ya ƙafe?
2. Don me ba a zuba giwan ruwa da yawa cikin ƙaramin tabki?
3. Wace ƙasa ta ba da kuɗin aikin Keita?
4. Mene ne ke zama bayan kuɗin taimako ya ƙare?

Aiki
Ku zana tabkin da ya fi kusa da garinku. Ku tambayi iyayenku ko yana ƙafewa, kuma a wane wata.