Manhajarka 'Yantacciya Ce, To Abin Da Take Jingina Da Shi Fa?

A zangon da ya wuce na rubuta wata 'yar manhaja da Python don in sauƙaƙa wa 'yan ajinmu wahalar shafin farko na furojet. Ka saka sunanka, lambar rajista, sashe da taken aikinka, ita kuma ta fitar maka da PDF a tsare, da haruffan Times New Roman kamar yadda ake buƙata. Na sa mata lasisin GPL, na ɗaure ta a ƙunshin .deb don masu Debian da Ubuntu, ina ta jin kaina. Sai wani abokina ya kwafa a filash ya tafi gida hutu, ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Da daddare ya kira ni: "Malam, abin nan naka ya ƙi shiga, wai sai ya sauko da wani abu daga intanet." Saura kwana biyu ya miƙa babi na ɗaya.

Laifina ne, kuma daga binciken laifin na koyi abin da zan faɗa muku.

Times New Roman ba tawa ba ce, ba kuma ta Debian ba. Tana cikin haruffan da Microsoft ya saki kyauta a 1996, ya daina rabawa a 2002. Lasisinsu ya yarda a ci gaba da raba su, amma a yadda suke, ba gyara, ba sayarwa. Shi ya sa ƙunshin da na jingina manhajata da shi, ttf-mscorefonts-installer, babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Ɗan aike ne kawai: idan ka girka shi, sai ya je SourceForge ya sauko da fayilolin asali ya kwance su a kwamfutarka. Ba data, ba haruffa. Ba haruffa, ba manhajata.

A nan ne ya kamata mu raba kalmomi biyu da muke cakuɗawa. Kyauta daban, 'yanci daban. Abin kyauta ba ka biya ba. 'Yantacciyar manhaja kuwa ita ce wadda aka ba ka tushen rubutunta, aka yarje maka ka yi amfani da ita, ka gyara, ka raba wa wasu har da gyaran naka. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta rubuta waɗannan sharuɗɗa a 1997 ƙarƙashin jagorancin Bruce Perens, kuma da su take tantance duk abin da zai shiga rumbunta.

Rumbun yana da ɗakuna. Na farko shi ne main, kuma shi kaɗai ne Debian ta ce nata ne. Akwai non-free, inda ake ajiye abin da aka halatta rabawa amma bai cika sharuɗɗan 'yanci ba. Sai na tsakiya, contrib, wanda shi ne darasinmu: manhajar da ita kanta 'yantacciya ce tsaf, amma ba ta gini ko ba ta aiki sai da wani abu da ba ya cikin main. Kamar a ba ka babur kyauta da takardunsa, amma makullin yana aljihun wani. Tawa manhajar, da zan kai ta Debian a yadda take, can za a ajiye ta, GPL ɗin da nake taƙama da shi bai isa ya shigar da ita main ba.

Yadda ake gane haka ba wuya. A cikin kowane ƙunshi akwai fayil mai suna debian/control, inda mai ɗauri yake lissafa abin da manhajar take buƙata. Ƙa'idar Debian ta ce ƙunshin main ba zai sa wani abu na waje da main a layin Depends ba, ko Recommends, ko Build-Depends. Wannan na ƙarshen shi ne ke yaudarar mutane, domin yana magana ne a kan kayan da aka gina manhajar da su, ba waɗanda take aiki da su ba. VirtualBox misali ne: tushensa a buɗe yake, amma wani ɓangarensa, wato BIOS ɗinsa, ana gina shi da Open Watcom, wanda Debian ba ta karɓi lasisinsa ba. Sai ya faɗa contrib. Layin Suggests ne kaɗai aka sassauta, tunda shawara ce, ba a girka ta sai ka nema. Idan kuma ƙunshinka na contrib ne, za ka rubuta haka a layin Section, ka kuma bayyana dalili a fayil ɗin debian/copyright.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin tsaurin ra'ayi irin na 'yan ƙa'ida. Kiran abokina ne ya nuna min amfaninsa. Duk abin da ke main, ana iya zuba shi a faifai ko filash a kai shi inda babu intanet, ya yi aiki, a kuma gyara shi idan ya lalace. Alkawari ne ga wanda zai karɓa. Ni na karya wannan alkawari ban ma san na ɗauka ba.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni haushi. Da na gwada taken furojet da Hausa, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito akwatuna, don wancan tsohon zubin Times New Roman ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Ko da na iya zana su, lasisin bai ba ni damar ƙarawa in raba ba.

To mene ne mafita? Contrib ba kurkukun rai da rai ba ne, an sha fita daga cikinsa. Wasan OpenTTD ya daɗe a can saboda yana buƙatar hotuna da sautukan tsohon wasan kasuwa Transport Tycoon Deluxe. Masu sa kai suka zauna suka zana nasu hotunan, OpenGFX, kuma daga fitowar zubi na 1.0 a 2010 ana iya buga shi ba tare da fayilolin asali ba, ya koma main. Manhajojin Java da yawa ma sun yi zaman contrib kafin kamfanin Sun ya saki Java ƙarƙashin GPL a 2006 zuwa 2007. Hanyar dai ɗaya ce: a samo madadi mai 'yanci, ko a mayar da abin da ba shi da 'yanci ya zama zaɓi maimakon dole.

Ni duka biyun na yi. Akwai haruffan Liberation da Red Hat ya fitar a 2007, kuma Liberation Serif an auna faɗin kowane harafinta daidai da na Times New Roman, don haka layi ba ya gocewa, shafi ba ya ƙaruwa. Na gyara manhajar ta duba: idan akwai Times New Roman a kwamfutar kuma mai aiki ya zaɓe ta, to, idan babu, ta ɗauki Liberation Serif. A debian/control na sa fonts-liberation a Depends, na mayar da ƙunshin Microsoft zuwa Suggests. Gyaran bai kai layi 15 ba.

Kada kuma wani ya ɗauka Debian ba ta taɓa sassautawa. Shekaru ana kuka da cewa ka girka ta a laftof, Wi-Fi ya ƙi tashi saboda guntun manhajar da katin yake buƙata tana non-free, kai kuma ba ka da intanet ɗin da za ka sauko da ita. A 2022 mambobinta suka kaɗa ƙuri'a, kuma daga Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 aka buɗe ɗaki na huɗu, non-free-firmware, aka sa shi a cikin faifan girkawa. A ganina sun yi daidai, don ba wanda zai iya zana wa katin Wi-Fi madadi a ɗakin kwanan ɗalibai. Amma salon haruffa akwai madadinsa, ni ne ban nema ba.

Abokina dai a wancan karon da hannu ya tsara shafinsa a shagon buga takardu na garinsu. Sabon ƙunshin yana wurina, duk mai so ya zo ɗakin kwamfuta da filash ɗinsa, zan haɗa masa da fonts-liberation a ciki.